Filin Nahawun Turanci: Amsoshin Wasiƙun Masu Karatu na Legas

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk daga Legas suke, kuma ba abin mamaki ba ne. A Kano ko Katsina mutum zai iya yin mako guda bai furta kalmar Turanci ko ɗaya ba, ya ci kasuwarsa lafiya. A Ikko kuwa, wato Legas, tun daga kwandastan danfo, motar haya ta garin, har mai gidan haya, sai da Turanci ko Buroka (Pidgin) ko Yarabanci. Mun zaɓi tambayoyin da amsarsu za ta amfani mutane da yawa, wasu kuma mun rage musu tsawo saboda wuri.

Tambaya: Malam, na sauke Alƙur'ani a gida, na kuma taɓa karatun littattafai a zaure, amma boko sai yanzu da girmana na shiga ajin yamma a nan Agege. Malamarmu kullum sai ta ce *noun*, *verb*, *adjective*, ni kuwa kaina ya ɗaure. Mene ne waɗannan, kuma dole sai na haddace su zan iya Turanci?
Daga wani ɗalibin ajin manya, Agege.

Amsa: Malam, kai da ka zauna a zaure ai ka riga ka ci rabin tafiyar. Ka tuna darasin farko na nahawun Larabci, inda aka ce magana kashi uku ce: ismu da fi'ili da harafi. To aikin ɗaya ne. Turawa sun raba nasu kalmomin gida takwas, malaman Hausa kuma sun riga sun raɗa wa gidajen suna.

*Noun* shi ne suna, wato ismu: mutum, wuri, abu, har da abin da ido ba ya gani kamar gaskiya da tsoro. *Verb* shi ne aikatau, fi'ili ke nan. *Pronoun* wakilin suna ne, kalmar da ke tsayawa a madadin suna don kada a yi ta maimaita shi, irin su shi, ita, su. *Adjective* sifa ce, tana bayanin suna. *Adverb* bayanau ne, yana faɗin yadda aka yi aiki, ko yaushe, ko a ina. *Conjunction* mahaɗi ne, kamar da, amma, ko. *Interjection* motsin rai ne: kai! wayyo! af! Na takwas, *preposition*, su ne ƙananan kalmomin nan da ke shiga gaban suna su nuna wuri ko lokaci, kamar a, daga, zuwa, cikin. In ka san harufan jarri a Larabci, to 'yan'uwansu ne.

Ga jimla ɗaya da ta tara su duka: *Oh! He quickly bought fat rams and goats at Alaba Rago.* Ma'ana, ya yi maza ya sayi ƙosassun raguna da awaki a Alaba Rago. *Oh* motsin rai, *he* wakilin suna, *quickly* bayanau, *bought* aikatau, *fat* sifa, *rams* da *goats* da Alaba Rago sunaye, *and* mahaɗi, *at* kuma mai nuna wuri.

Akwai wasu kalmomi biyu da za ka riƙa ji a aji, *subject* da *object*. Fa'ili da maf'uli ne, masana Hausa suna kiransu aikau da karɓau. A nan Bahaushe ya yi sa'a, domin jerin Turanci da na Hausa ɗaya ne: mai aiki, sai aiki, sai wanda aikin ya faɗa wa. Audu ya sayi rago, *Audu bought a ram*.

Abin da muke jan kunnenka a kai shi ne kada ka ɗauki littafi ka jera kalmomi kana haddacewa wai wannan suna ce, waccan aikatau. Aikin da kalma ta yi a cikin jimla shi ke nuna gidanta. Idan kwandasta ya ce *I have no change*, ba shi da canji, *change* suna ce. Idan direba ya ce wa yaronsa *Change the tyre*, canza tayar, ta koma aikatau. Hanyar gwaji mai sauƙi: ka sa wa jimlar *yesterday*, sannan ka sa mata *tomorrow*. Kalmar da ta motsa ta sauya kama, ita ce aikatau.

Ko dole ne a san sunayen? Mutum yana iya tuƙa mota shekara goma bai san sunan fulogi ba, amma ranar da ta tsaya masa a kan gadar Third Mainland, ba zai iya gaya wa makaniki inda ciwon yake ba. Idan malama ta ce maka aikataunka bai dace da aikau ba, ka san inda za ka duba. Ƙamus ma da waɗannan sunaye yake magana: za ka ga an sa *n.* ko *v.* ko *adj.* a gefen kowace kalma.

Tambaya: Ina sana'ar tumatir da tattasai a kasuwar Mile 12. Wasu daga cikin masu sayen kayana gidajen abinci gare su a Ikeja da Lekki, ta WhatsApp muke ciniki. Na rubuta wa wata: *The lorry she have arrive, my boy he will bring ten basket.* Ta gane, ta turo kuɗi, amma ɗana da ya gani ya ce kurakurai ne fal a ciki. Ina suke?
Daga wani ɗan gwari, Mile 12.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Yaronka ya yi gaskiya, biyar ne, amma ka lura da wani abu: yawancinsu Hausa ce tsantsa ka rubuta da kalmomin Turanci. Daidai ɗin shi ne: *The lorry has arrived. My boy will bring ten baskets.*

Na farko da na biyu iri ɗaya ne, wato *she* da *he* da ka sa bayan suna. A Hausa ba a cewa "mota iso", dole a ce "mota ta iso", "yaro zai kawo". Wannan "ta" da "zai" su ne lamiri, kuma jimlar aiki ba ta tsayuwa a Hausa sai da shi. Turanci ba shi da wannan. Ko dai ka ambaci suna, ko ka sa wakilinsa, ba a haɗa biyun: *My boy will bring* ko *He will bring*. Sannan ko da wakilin za ka sa wa mota, ba *she* ba ce. Mu a wurinmu komai yana da jinsi, mota mace, kwando namiji, kasuwa mace. A Turanci *he* da *she* na mutane ne, sai dabbar da aka san jinsinta. Sauran kaya duk *it*.

Na uku, *have* maimakon *has*. Wannan ita ce ƙa'idar dacewar aikau da aikatau, wadda ake kira *concord* a aji. Idan mai aikin ɗaya ne, kuma ba ni ba ne, ba kai ba ne, wato *he*, *she*, *it* ko sunan abu ɗaya, aikatau yana ɗaukar *s*: *he sells*, *she pays*, *it has*. Abin da ke rikita mutane shi ne *s* a jikin suna jam'i take nunawa, a jikin aikatau kuwa tilo. Ka riƙe ta kamar tsabar kuɗi guda da ba za ta zauna aljihu biyu lokaci ɗaya ba: *The basket costs*, *The baskets cost*.

Ga tarkon da 'yan kasuwa ke yawan faɗawa: *The price of tomatoes are high.* Kunne ya ji *tomatoes* kusa sai hannu ya rubuta *are*. Ka tambayi kanka, mene ne ya yi tsada a jimlar? Farashi ne, shi kuwa ɗaya ne, saboda haka *The price of tomatoes is high*. Haka kuɗi: mukan ce "kuɗin sun cika", amma *money* tilo ce, *The money is complete*.

Na huɗu, *arrive* da ya kamata ya zama *arrived*, za ka ga dalilinsa a amsar da ke biye. Na biyar, *ten basket*. "Kwando goma" Hausa ce mai kyau, lamba ta wadatar. Turanci sai ya nuna jam'in sau biyu, a lamba da kuma a suna: *ten baskets*, *fifty bags*, *three lorries*. Naira ce ba ta bin wannan, *five thousand naira* ake cewa.

Tambaya: Malam, ina aji uku na babbar sakandare, bana zan zana WAEC. Duk lokacin da aka dawo mana da insha'i sai na ga jan biro a kan aikatau, an rubuta *tense*. Ban san bambancin *I ate* da *I have eaten* ba, tunda duka "na ci" ne. Kuma me ya sa *Did you went* kuskure ne alhali abin ya wuce?
Daga wata ɗaliba, Idi-Araba.

Amsa: 'Yata, tambayarki ita ce uwar tambayoyin wannan karon, don haka za mu ɗan daɗe a kanta.

*Tense* shi ne lokaci. Dubi yadda Hausa take nuna shi: ya biya, yana biya, yakan biya, zai biya. Kalmar "biya" tana nan daram, lamirin da ke gabanta ne ke ɗauke da lokacin. Turanci kuwa a jikin aikatau ɗin kansa yake yin aikin: *pays*, *paid*, *is paying*, *has paid*. Bahaushe ya saba sa hankalinsa a gaban aikatau, shi ya sa yake mance wutsiyar. Kusan duk jan biron da kike gani daga nan ya taso.

Kowane aikatau na Turanci yana da siga uku da ya wajaba ki sani. Masu bin ƙa'ida suna da sauƙi, *ed* ko *d* kawai ake ƙara musu a siga ta biyu da ta uku: *arrive, arrived, arrived*. Masu taurin kai kuwa sai hadda, kuma abin takaici su ne aka fi amfani da su kullum: *go, went, gone*, *eat, ate, eaten*, *write, wrote, written*, *see, saw, seen*, *take, took, taken*, *buy, bought, bought*, *send, sent, sent*, *put, put, put*. Ki ja layi uku a bayan littafinki, ki cika guda talatin, ki riƙa biya biyar kowace safiya da murya kamar karatun allo. Cikin mako guda kin zagaye su, sai ki sake komawa.

Da kin san sigogin, ƙa'idar wurin zamansu gajeriya ce. Siga ta biyu ita kaɗai take tafiya, ba ta son rakiya: *I went*. Siga ta uku ba ta fita sai da mataimaki, kamar *has*, *have* ko *had*: *I have gone*. Siga ta farko ita ke bin *do*, *does*, *did*, *will*, *can*, *must* da *to*. Ga amsar tambayarki ta biyu ke nan. *Did* ta riga ta ɗauki nauyin shuɗaɗɗen lokaci, kuma ba a ɗora kaya ɗaya a kan jaki biyu. *Did you go?* *I did not go.* *She could not come.* Haka ma *does* takan ƙwace *s* daga aikatau: *She sells*, amma *Does she sell?*

Yanzu "na ci". Idan kin ambaci lokacin da abin ya faru, kuma lokacin ya wuce, kamar jiya, bara, makon jiya, a 2023, to siga ta biyu ce ba makawa: *I ate yesterday*, *We moved to Mushin in 2023*. Idan kuwa ba lokacin ne damuwarki ba, sakamakon abin a yanzu kike nufi, sai *have*. An miƙo miki tuwo kin ce "na ci", ma'ana a ƙoshe kike yanzu: *I have eaten*. Saboda haka *I have seen him yesterday* kuskure ne, domin *have* da *yesterday* ba sa shiga ɗaki ɗaya. Kalmomin da ke tafiya da *have* su ne *already*, *yet*, *just*, *ever*, *never*.

Akwai wuri ɗaya da Hausa ke ja mu mu kauce sosai. Muna cewa "ina Legas tun 2019", da lokaci mai ci, sai ɗalibi ya rubuta *I am in Lagos since 2019*. Abin da ya faro a baya yake ci gaba har yau, *have* yake ɗauka: *I have been in Lagos since 2019*. *Since* tana bin mafarin lokaci, *for* tana bin tsawonsa: *since Monday*, *for three days*.

Sai kuma "ina zuwa makaranta kullum". Mu da "ina" muke faɗin abin da ake cikin yi da kuma abin da aka saba yi. Turanci ya raba su. Na sabo, wanda ya yi daidai da "nakan", shi ne *I go to school every day*. Wanda ake ciki yanzu shi ne *I am going to school now*.

Game da jarrabawa: insha'in WAEC maki 50 ne, ana son kalmomi kamar 450. Goma daga cikin makin na tsabtar rubutu ne, wato nahawu da ƙa'idar rubutu da alamomin tsayawa, kuma kowane kuskure rabin maki yake ci. Kuskure ashirin sun cinye goman ke nan, kuma ɗalibai da yawa tun a shafin farko suke ƙarar da su. In labari kike bayarwa, ki zaɓi shuɗaɗɗen lokaci ki tsaya a kansa, kada ki fara da *I woke up* ki zarce da *I take my bath*. Ki ware minti goma na ƙarshe, ki bi rubutunki layi-layi da bakin biro, ki tsaya a kan kowane aikatau ki yi masa tambaya biyu: wa ya yi, kuma yaushe? Da C6 ake fara lissafin kiredit, kuma kin san ba a shiga jami'a sai da shi a Turanci. Allah ya ba da sa'a.

Tambaya: Gadi nake yi a wani gida a Ikoyi. Wata rana da dare maigidan ya tambaye ni *Didn't you lock the gate?* Ban kulle ba saboda ɗansa bai dawo ba, sai na ce *Yes sir*. Ya tafi ya kwanta, da safe ya ce na yi masa ƙarya. Ni kuwa gaskiya na faɗa. Wa ya yi kuskure?
Daga wani maigadi, Obalende.

Amsa: Ɗan'uwa, ba ka yi ƙarya ba, amma Turancin ya faɗi abin da ba ka nufa ba. A Hausa in an ce "ba ka kulle ƙofa ba?" ka ce "eh", kana gaskata mai tambaya ne: eh, ban kulle ba. A Turanci ba ruwan amsa da yadda aka juya tambaya. Abin da ya faru kawai ake dubawa. An yi, *yes*. Ba a yi ba, *no*. Da ya ji *yes* sai ya ɗauka ka kulle.

Maganin abin shi ne kada ka tsaya a kalma ɗaya. Ka ƙarasa: *No sir, I didn't* ko *Yes sir, I did*. In da hali ka ƙara dalili: *No sir, I didn't, because your son is not back.* Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a asibiti ma ana yin irinsa. Likita ya ce *You are not taking any other medicine?* mara lafiya ya ce *yes*, kowa ya tafi da tasa fahimtar.

Tunda aikinka na magana da mutanen gida ne, ga ƙari. Aikatau na mallaka da ji da sani da so ba su cika ɗaukar *ing* ba. "Ina da makulli" *I have the key* ne, kada ka ce *I am having*. "Ina jin Turanci" kuwa *I understand English* ne. *Hear* ji ne da kunne kawai, bai kai ga fahimta ba.

Tambaya: Malam, ina taya yarana aikin gida, amma *a*, *an* da *the* sun gagare ni. An ce *an* na gaban wasali ne, sai ga shi an kashe wa yarinyata *an uniform*. An kuma kashe mata *advices*.
Daga wata uwa, Ajegunle.

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari. Waɗannan ukun su ake kira *articles*, kuma Hausa tana da kwatankwacinsu, a wutsiyar kalma muke sa namu shi ya sa ba a lura. Saurari wannan: "Na ga wata mota. Motar ja ce." Da farko "wata mota", domin mai sauraro bai san ta ba. A karo na biyu "motar", domin an riga an santa. *I saw a car. The car was red.* Wato *a* tana kusa da wani ko wata, *the* kuma tana kusa da *n* da *r* ɗin nan na "buhun" da "motar".

Inda ake samun matsala shi ne Hausa tana yarda suna ya tsaya tsirara, Turanci ba ya yarda in abu ɗaya ne mai ƙirguwa. "Shi direba ne" dole *He is a driver*. "Ba ni biro" dole *Give me a pen*.

Ƙa'idar *an* an gaya miki rabinta ne. Da kunne ake aunawa, ba da ido ba. Furta *uniform*: da "yu" ta fara, baƙi ke nan, don haka *a uniform*, *a university*. Furta *hour*: ba a jin *h*, da wasali ta fara, don haka *an hour*, *an honest man*. Har gajerun sunaye haka ne: *an SMS*, domin "es" ake cewa.

*Advices* kuwa, malamin ya yi daidai. Turanci ya raba sunaye gida biyu, masu ƙirguwa da marasa ƙirguwa. Ruwa da shinkafa da mai kowa ya yarda ba a ƙirga su sai da ma'auni. Abin da ke ba Bahaushe mamaki shi ne sun jefa wasu a wannan gidan waɗanda mu muke yi wa jam'i: shawarwari, bayanai, labarai, kayayyaki. *Advice*, *information*, *news*, *furniture*, *luggage*, *equipment*, *homework*, duk ba a ƙara musu *s* ta jam'i, ba sa ɗaukar *a*, kuma aikataunsu tilo ne. *News* da *s* ɗinta aka haife ta, amma *The news is good* ake cewa. In ana son ƙirgawa sai a kawo ma'auni kamar yadda muke cewa mudun shinkafa: *a piece of advice*, *two bags of rice*. Burodin Agege ma haka: *a loaf of bread*, *three loaves of bread*. Masu ƙirguwa *many* da *few* ke raka su, marasa ƙirguwa *much* da *little*: *How many bags?* *How much rice?*

Tambaya: Ina kai kaya gida-gida a babur. *In*, *on*, *at*, wanne ne "a"?
Daga wani matashi, Ijora.

Amsa: Duka ukun, shi ya sa suke wahala. Ka ɗauke su daga faɗi zuwa tsukuku. Babban wuri *in*: *in Lagos*, *in Surulere*. Titi *on*: *on Ikorodu Road*. Takamaiman wuri ko lambar gida *at*: *at the gate*, *at Oshodi bus stop*, *at No. 5*. Lokaci ma haka yake bi: *in 2024*, *in March*, sai *on Monday*, *on 1 October*, sai *at 8 o'clock*. Uku ne suke *in*, wato *in the morning*, *in the afternoon*, *in the evening*, amma dare *at night*.

Abin hawa: wanda kake hawa bisansa ko kake iya miƙewa tsaye a ciki *on* ne, *on a bike*, *on the bus*, *on the train*. Ƙaramar mota *in the car*.

Wasu aikatau kuma ba sa son ko ɗaya. *I have reached Yaba*, ba a sa *to*. *Let us discuss the price*, ba a sa *about*. Sannan ka kiyayi *Borrow me your phone*, fassarar "ara mini" ce. Mai bayarwa *lend* yake yi, mai karɓa *borrow*: *Lend me your phone* ko *Can I borrow your phone?*

Tambaya: Yarana a nan aka haife su. A gida Hausa, a waje Buroka, a makaranta Turanci. Wani ya ce in hana su Buroka domin ita ke lalata musu Turanci, wani ma ya ce har Hausar in rage. Me kuka gani?
Daga wani magidanci, Alaba Rago.

Amsa: Malam, Hausar dai kada ka taɓa ta. Duk bayanin da muka yi a sama da Hausa muka auna Turanci, yaron da ba shi da ita ba shi da ma'aunin. Buroka kuma ba za ka iya hanawa ba a Legas, da ita za su sayi abu a shago, da ita za su hau mota.

Kuma Buroka ba Turanci ne da ya lalace ba, harshe ne mai nasa nahawun. Duba: *I don chop*, *I dey chop*, *I go chop*. Na ci, ina ci, zan ci. Aikatau yana zaune wuri ɗaya, ƙaramar kalma a gabansa tana ɗauke da lokaci, tsarin Hausa sak. Shi ya sa ɗan Arewa ke kama ta cikin 'yan watanni. Haɗarin yana inda kalmomin suka yi kama amma ma'ana ta bambanta. *I go pay* a Buroka "zan biya" ne, *go* ɗin ba tafiya ba ce. *Don* tana nufin an gama, alhali *don't* ta Turanci korewa ce. Yaron da bai san harsuna biyu ne ba shi ne zai cakuɗa su a takardar jarrabawa.

Abin da za ka yi a gida ba ya buƙatar kuɗi. Bayan sallar isha, minti goma sha biyar, ka riƙa faɗin jimla ɗaya-ɗaya da Hausa daga abin da ya faru ranar, su juya ta Buroka da baki, sannan su rubuta ta da Turanci a littafi. Jimla uku ta isa a dare ɗaya. Misali "an sace wayar Kawu a mota". Buroka za ta ce *Dem don thief Kawu phone*. A nan za ka ga yawancin yara sun rubuta *They have stolen Kawu phone*, kuma abu biyu ne za a gyara. Na ɗaya, mallaka tana son alamarta, *Kawu's phone*, kuma mai abu ne ke zuwa farko, saɓanin "wayar Kawu". Na biyu, "an" ɗin nan namu da ba ta faɗin wanda ya yi aiki, Turanci yana da siga ta musamman dominta, wadda ake kira *passive*: abin da aikin ya faɗa wa ya dawo gaba, sai *is*, *was* ko *has been*, sai siga ta uku. *Kawu's phone was stolen on the bus.* An kawo wuta, *Power has been restored*. An rufe hanya, *The road has been closed*. In ka ce *they*, mai karatu zai tambaya su wa.

In kai kanka ba ka da tabbacin amsar, su kai littafin wa malaminsu ranar Juma'a ya duba jimlolin makon gaba ɗaya, goma sha biyar ne in an yi dare biyar.